Yadda Labari Ke Kashe Rigima Tsakanin Fatake

 

A wannan fitowa muna so mu yi bayani a kan wani abu da kowa ke gani a kara, amma ba kasafai ake zama a tattauna shi ba. Shi ne yadda dattawanmu ke amfani da labari a cikin hira su raba mutum biyu da suka saɓa. Yaro mai zafin jini in ya ga ana rigimar kuɗi, dattijo kuma ya gyara zama ya ce "wata shekara...", sai ya ɗauka tsufa ne ya motsa, ko ana ɓata masa lokaci. Alhali kuwa aikin sulhun ne aka fara. Abin yana da dalili, yana da tsari, yana kuma da iyaka, kuma duk wanda wata rana za a kira ya shiga tsakani ya kamata ya san su.

Me ya sa rigimarmu ba ta son kotu

Sana'armu a kan baki take tafiya. Mutum ya sayi shanu a Dakoro ko Badagishiri ko Tanut, ya loda su, ya sauke a Jibiya ko Illela ko Maigatari, daga can wani ya ɗauka zuwa Wudil, ko Ibadan, ko Legas. Dabba ɗaya takan bi hannu huɗu ko biyar kafin ta kai ga mahauci, kuma a mafi yawan hannayen nan ba a biyan kuɗin lakadan gaba ɗaya. A ba da kafin alƙalami, a yi ajali, dillali ko mai gida ya tsaya lamuni. Ba kuwa yau aka fara ba. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, abin da ya tarar ke nan: ana sallama wa mahauta shanu bashi, mai gida kuma shi ke ɗauke da nauyin kuɗin baƙonsa.

To, inda bashi yake dole saɓani ya biyo. Ajali ya yi ba a kawo kuɗi ba. Sa ya mutu cikin mota, ana gardamar wuyan wa ya mutu. An sayi saniya, bayan kwana biyu aibi ya bayyana. Dillalai biyu suna jayayyar la'ada a kan ciniki ɗaya. 'Yan kora sun yi sake dabbobi sun faɗa gona.

Sa'an nan ga iyaka da canji, waɗanda ba mu muke juya su ba. An rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, ana cikin fari. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya a kasuwanni. Duk lokacin da irin wannan ya faru, sai ka tarar da masu gaskiya biyu suna faɗa: ɗaya yana bin kuɗinsa, ɗaya kuma hanyar biya ta toshe masa.

A ce a tafi kotu. Wace kotu? Mai kaya yana Maraɗi, mai bashi yana Ibadan, dokar nan dabam, ta can dabam, takarda kuwa babu. Dabba kuma ba buhun gero ba ce da za a ajiye sai an gama shari'a. Kullum tana ci, tana sha, tana ramewa. In ma ka ci shari'ar, ka rasa mai masaukin da ubanka ya bar maka, labari kuma ya bazu cewa kai mai kai ƙara ne. Shi ya sa tun asali sarkin tike, da sarkin fawa, da manyan dillalai ke zama a kan tabarma su kashe magana. Dokar Nijar ma ta yarda da wannan hanya, domin ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu, a rubuta takarda a kan abin da aka daidaita.

Abin da labari ke yi

Wanda ya daɗe yana raba rigima ya san sau da yawa kuɗin ba su ne babban ciwon ba. Babban ciwon shi ne kalmar da aka faɗa a bainar jama'a, irin su "ka cuce ni" ko "ka ci amanata". A sana'ar da jarinta suna ne, wanda aka jefa da wannan kalma ba zai iya ja da baya ba, don in ya rage ko dala za a ce ya amsa laifi. Shi ma wanda ya faɗa ba zai iya janyewa ba, don kada a ce ya yi ƙazafi. In mai sulhu ya buɗe baki ya ce "Alhaji, kai ne ba ka da gaskiya", to ya ƙara ɗaure igiyar ne.

Aikin labari na farko shi ne sayen lokaci. A al'adarmu ba a katse babba in yana magana. Minti goman da za a yi ana sauraro, murya ta sauka, wanda ya miƙe ya zauna, an kawo shayi an sha.

Na biyu, labari yana fitar da mutum daga cikin rigimarsa ya mai da shi alƙalin rigimar wasu. Ɗan Adam ba ya ganin ƙeyarsa, amma ta wani yana ganinta sarai. In aka ba shi labarin wasu fatake biyu da bai sani ba, da kansa zai ce "ai wannan bai kyauta ba", kafin ya rufe baki kuwa ya gane inda aka dosa. Masu karatu sun san ƙissar Annabi Dawuda (AS) a Suratu Sad, daga aya ta 21, inda masu husuma biyu suka haura masa, ɗaya ya kawo ƙarar ɗan'uwansa mai tumaki 99 da ke neman haɗawa da tunkiyarsa guda ɗaya. Annabi Dawuda ya yanke cewa an zalunce shi, ya kuma ambaci yadda abokan tarayya da yawa ke cutar junansu, daga baya ya gane jarrabawa ce aka yi masa, ya nemi gafara. A lura, da shari'ar wasu aka zo masa, darasin kuwa nasa ne.

Na uku, labari yana buɗe ƙofar fita ba tare da kunya ba. Mutum ba sai ya ce "na yi laifi" ba. Ya isa ya ce "to, Baba, ni ma zan yi yadda wancan bawan Allah ya yi". Ya sauko, amma a idon jama'a koyi ya yi da mutumin kirki.

Irin labaran da ake kawowa

Akwai labarin asali, wato na yadda zumuncin gidajen biyu ya faro. Dattijo ya tuna wa yaran cewa a farin 1984 uban wannan ne ya sauki uban wancan da ragowar shanunsa, bai karɓi ko dala ba. Wannan shi ya fi kowane nauyi, amma sai wanda ya gani da idonsa ko ya ji daga bakin masu abin ke iya ba da shi.

Akwai ƙissoshin addini. In rigimar ɓarnar gona ce, akan kawo hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) da aka ambata a Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da 79. Malaman tafsiri sun bayyana cewa Annabi Sulaimanu ya ga mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nono da gashi, masu tumaki su gyara gonar, in ta koma yadda take kowa ya karɓi nasa. Ba wanda aka tsiyata. In rigimar bashi ce da iyaka ta tsare, akwai hadisin mutumin Bani Isra'ila da ya ranci dinari 1,000 ya ƙetare teku, ajali ya yi bai sami jirgi ba, ya fafe itace ya zuba kuɗin ya jefa a ruwa, Allah ya kai wa mai su. Mai bashi in ya ji wannan ya san rufe iyaka bai sauke masa nauyin neman hanya ba. In kuwa gardamar girma ce, wa zai fara sauka, akan tuna yadda Manzon Allah (SAW) yana da shekara 35 ya raba Ƙuraishawa a kan ɗora Hajarul Aswad, ya sa dutsen a mayafi kowace ƙabila ta kama gefe.

Akwai labarin makamanciyar rigima da aka taɓa yi a wata kasuwa, a faɗi yadda ta ƙare, a ɓoye sunaye. Wannan shi ke nuna wa mutane cewa ga yadda aka saba yi, ba yau aka ƙirƙiro don a danne wani ba.

Akwai kuma raha ta wasan taubasai. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san abin da ke tsakaninsu. Babarbare yana iya duban Bafillace mai fushi ya ce "bawana, yaushe ka koyi lissafi har kake gardamar canji?", a yi dariya, alhali da wani ne ya faɗa da an zare sanda. Wannan gado ne babba, har hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun duniya a 2014.

Ga misali

Mu ɗauka falke ya sayi bajimai 12 a hannun wani, kowane jika 300, jimla jika 3,600. Ya biya 2,400, saura 1,200 zuwa mako biyu. Ya ƙetare da su. Bayan kwana 10 sa ɗaya ya kwanta, aka yi sauri aka yanka, mahauta suka saya jika 100, da aka buɗe kuwa huhun ya lalace. Falke ya riƙe jika 1,200 ɗin duka, yana cewa an sayar masa da mai ciwon huhu da gangan. Mai shanu ya rantse lafiyayye ya sallama, cunkoson mota ne ya kashe shi.

A Risala mun karanta cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye yana da haƙƙi a kan mai sayarwa. To, amma wa zai tabbatar cewa aibin ya riga cinikin, wa kuma zai tabbatar mai shanu ya sani? Nan ne maganar ke cijewa.

Dattijo ya saurari kowa shi kaɗai tukuna. Da aka haɗu, bai fara da sa ba. Ya tambayi falke lafiyar mahaifinsa, ya tambayi mai shanu labarin ruwa a arewa. Sa'an nan ya ce:

"Lokacin da ake kora da ƙafa, wasu abokai biyu sun taso da shanu talatin. A wata mashaya saniya ɗaya ta faɗi. Wannan ya ce kai ka matsa musu da tafiya, wancan ya ce kai ka sayo maras lafiya. Suka kafa sanda nan, kwana uku ana abu ɗaya, ciyawar wurin ta ƙare, ranar kasuwa ta wuce su. Da suka isa sai da suka jira mako, shanu sun zube. Da aka yi lissafi, abin da suka rasa ya kai kuɗin saniya huɗu. Alhaji, a ganinka wa ya ci wannan gardama?"

Falke ya ce ba kowa. Dattijo ya juya wajen mai shanu:

"Malam, na kuma san wani makiyayi da ya sayar da sa yana tsalle, bayan mako biyu aka aiko masa ya mutu da huhu. Ya je wajen likitan dabbobi, likita ya ce masa ciwon nan yakan ɓuya a jikin dabba makonni, wani lokaci watanni, ba tari ba komai, sai wahalar hanya ta tayar da shi. Ya ce ashe daga garkena ya fito ban sani ba. Ba wanda ya roƙe shi, ya aika da rabin hasarar. Mai sayen nan har ya tsufa bai sake sayen sa a hannun wani ba."

A duba abin da dattijo ya yi. Labarin farko ya nuna wa falke cewa riƙe jika 1,200 saboda hasarar 200 kafa sanda ne a mashaya. Na biyu ya shigo da maganar likita, wadda gaskiya ce, kuma ita ce ta ba kowa damar zama mai gaskiya: ciwon tsoho ne kamar yadda falke ya ce, mai shanu kuma bai sani ba kamar yadda ya rantse. Kalmar "da gangan" ta faɗi ba tare da an ce wa kowa ya janye ta ba. Daga nan sai lissafi. Sa jika 300, an sami 100, hasara 200. Kowa ya ɗauki 100, dillali ya yafe la'adarsa ta wannan sa, falke zai kawo jika 1,100 ranar kasuwa mai zuwa a gaban shaidu biyu. Aka yi fatiha.

Sharuɗɗan da ke kansa

Na ɗaya, a ji ta bakin kowa kafin a zaɓi labari. Wanda ya zo da labarinsa a aljihu tun daga gida ya riga ya yanke hukunci, kuma masu rigima suna ganewa.

Na biyu, a bambanta labarin sulhu da habaici. In labarin ya yi kama da ɗaya daga cikinsu ƙwarai har jama'a suka fara kallonsa suna murmushi, to gugar zana ce, kuma ta fi zagi zafi. Labari mai kyau yakan bar wa kowane ɓangare wurin tsayawa mai mutunci. Shi ya sa dattijon misalinmu ya kawo biyu, kowa da nasa.

Na uku, kada a tona asirin wasu. In rigimar da za ka ba da labarinta masu ita suna raye ko 'ya'yansu na kasuwa, ka sauya gari, ka bar suna. Wanda ya ji ka baza sirrin wani yau ya san gobe nasa za ka baza.

Na huɗu, gaskiya. Malamai sun yi sauƙi ga mai sulhu ya kai kyakkyawar magana tsakanin masu gaba, ya ɓoye mummuna. Wannan sauƙi bai kai ga ƙarya a kan adadin kuɗi ba, ko ƙaga hadisi, ko jingina wa mamaci maganar da bai yi ba. In misali ne ka ƙirƙira, ka ce misali ne. In ba ka tabbatar da ƙissa ba, ka tambayi malami kafin ka kai ta kara.

Na biyar, kuma shi ya fi muhimmanci, kada labari ya zama bargon rufe haƙƙin mai rauni. Mun sha ganin ɗan kora ya bi dabbobi wata guda, in ya nemi ladansa a zaunar da shi a yi ta ba shi labarin masu haƙuri har ya ji kunya ya tafi. Ko ƙaramin falke yana bin babban Alhaji, a ce ya bari albarkacin zumunci. Wannan danniya ce da aka yi wa rawani. Ƙa'idar da muka koya a makaranta ita ce sulhu halal ne matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. In haƙƙi a fili yake, aikin labari shi ne ya sauƙaƙa wa mai biya ya biya, yafewa kuwa sai mai haƙƙi ya ga dama da kansa.

Na shida, a rufe da adadi. Nawa ne, da wane kuɗi, sefa ko naira, wace rana, a hannun wa, su wa suka shaida. Zaman da aka tashi da "Allah ya kyauta" kawai, bayan kasuwa biyu za a sake shi.

Inda labari bai isa ba

Dabbar sata ba a sulhu a kanta a ɓoye. A mayar wa mai ita, a sanar da hukuma, domin dillalin da ya rufe irin wannan ya jawo wa kara duka zargi. Haka in an zubar da jini, maganar ta wuce tabarmarmu, ta jandarma ce da alƙali. Abin da ke hannunmu shi ne mu tari ƙaramar rigima tun ba ta girma ba, musamman ta gona. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Saboda haka in dabbobin fatauci suka yi ɓarna, a je wajen mai gari a ranar, a duba gonar, a kimanta, a biya, kada a bari maganar ta kwana.

Kira ga 'yan'uwa

Yanzu ciniki da yawa ta salula ake yinsa. A turo hoton sa, a yi tayi, a tura kuɗi, ba a ga juna ba. Wannan ya rage wahala, amma in saɓani ya zo sai ka ji an ɗauki murya cikin fushi an tura a WhatsApp, kafin la'asar 'yan kasuwa uku sun ji. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa. Muna roƙon matasa, in rai ya ɓaci a kira babba tukuna, a bar tura murya. In zama ya gagara saboda nisa, a haɗa kira da dattijon da duka biyu suka yarda da shi, a kuma ba shi lokaci ya yi maganarsa har ƙarshe.

Muna kuma roƙon shugabannin rassa da sarakunan tike, duk zaman sulhun da za a yi a zaunar da matasa biyu ko uku a gefe su saurara, in masu rigimar sun yarda. Mu ma haka muka koya, muna zuba shayi muna kasa kunne. Kowane reshe ya sami littafi guda da za a riƙa rubuta abin da aka daidaita a kai, da kwanan wata da sunayen shaidu. Tun wajen ciniki kuma a riƙa faɗin kuɗin da za a biya da shi, sefa ko naira, da wanda hasarar hanya ke wuyansa, don yawancin rigimar da ke zuwa gabanmu daga rashin faɗin waɗannan biyun take tasowa.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, suka yi kora da ƙafa har kudu, suna ta raguwa. Wanda ke da irinsu a kusa ya je ya gaishe su ya tambaye su yadda aka kashe rigingimun da suka gani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kiyaye mu da cin haƙƙin juna, amin.